Wankin Cikin Kaka a Likitancin Gargajiyar Indiya

Wajen tsakiyar Satumba damina ke fara janyewa daga Indiya, gari ya washe, rana ta dawo da ƙarfinta. Masu maganin Ayurveda suna kiran wannan lokaci Sharad, ɗaya daga cikin yanayi shida da suka kasa shekara a kai, kuma yakan kai tsakiyar Nuwamba. A wurinsu, kaka ce lokacin wankin ciki.

A fahimtarsu abubuwa uku ke tafiyar da jiki: vata, pitta da kapha. Pitta ita ce zafin da ke narkar da abinci, ana kuma danganta ta da matsarmama. Tsohon littafin nan Charaka Samhita ya ce tana taruwa a jiki da damina, ranar kaka kuma ta tayar da ita. Daga nan sai ƙwannafi da ƙuraje da zazzaɓi.

Maganin shi ne virechana, wato wankin ciki, ɗaya daga cikin hanyoyin tsarkake jiki biyar da ake kira panchakarma. Ba a yin sa da garaje. Mutum zai yi kwana uku zuwa bakwai yana shan man shanu da sassafe, galibi wanda aka dafa da ganyaye masu ɗaci, kullum ana ƙara masa yawa. Sai tausa da mai da surace. Bayan nan ne ake ba shi maganin gudawa, sau da yawa saiwar trivrit, mai magani yana lissafin yawan zagayawarsa. Da an gama, ba ya komawa kan abinci mai nauyi: ruwan shinkafa tukuna, sai kunu mai kauri, sai romon koren wake.

Wanda ba zai yi wankin ba yakan rage yaji da maiƙo da kindirmo, ya guji barcin rana. Littattafan sun kuma yaba ruwan hamsodaka, wanda ya sha rana da yini, ya kwana a farin wata, bayan fitowar tauraron Agastya da Larabawa ke kira Suhail. Har yau a daren Sharad Purnima, wato daren cikar wata a kaka, iyalai na ajiye shinkafa da madara a farin wata, su ci da safe.

A 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikatar AYUSH don kula da irin wannan likitanci. Likitocin asibiti kuwa suna cewa hanta da ƙoda ne ke tace jiki, kuma gudawar da aka jawo na iya ƙarar da ruwan jiki. Tsoffin littattafan ma sun hana masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi yin ta. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a Amurka a 2008 ya gano dalma ko makuri ko asenik a kusan kashi 20 cikin 100 na magungunan Ayurveda da aka sayo ta intanet.