Ɗan kifin nan: ƙaramin jinsi ne, ko bai gama girma ba?

Kwarin Dallol Mawri da ya ratsa Dogondutsi da Tibiri yana gangarawa Kogin Neja wajen Gaya, inda masunta ke kama kifayen dangin Mormyridae. Jinsinsu ya haura 200, duk a Afirka, kuma ƙananansu na da wuyar bambancewa.

Pollimyrus isidori ko ya tsufa da ƙyar yake kai santimita 10. Mormyrus rume kuwa yakan kai mita guda, don haka kama shi yana ƙarami asara ce. A duba fiffiken baya: na rume dogo ne, ya kusan mamaye gadon bayan, na isidori gajere, can kusa da wutsiya.

In ido ya gaza, masana kan auna ɗan lantarkin da gindin wutsiyar ke fitarwa, domin kowane jinsi da salon bugunsa.