Hukuncin Wasiƙun Banza: Saita Rariyar Imel a Ma'aikatunmu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana matakan da mai kula da babbar kwamfutar imel ta ma'aikata zai iya ɗauka a kan wasiƙun banza, watau tallace-tallace da saƙonnin zamba da ake watsawa barkatai. Matsalar ta daɗe, domin tun a 1978 Gary Thuerk na kamfanin DEC a Amurka ya aika wa mutum kusan 400 talla guda a lokaci ɗaya. A yau batun ya shafi duk wata ma'aikata mai adireshin imel na kanta, daga manyan makarantu irin su Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, har zuwa ofisoshin ƙananan hukumomin Bakura da Maradun.

2.0 Aikin Rariya

Manhajar tacewa, wadda za mu kira rariya, maki take ba kowace wasiƙa gwargwadon alamun zargi da ta gani. Alal misali, SpamAssassin, wadda ta fito a 2001, takan ɗauki wasiƙar da ta kai maki 5 a matsayin ta banza, muddin ba a sauya ma'aunin ba. To amma rariya awo kawai take yi. Hukunci yana hannun mai kula.

3.0 Matakai Huɗu

Na farko, a sa wa wasiƙa alamar gargaɗi, a miƙa ta ga mai ita. Na biyu, a killace ta na wasu kwanaki a inda za a iya dubawa a sake ta. Na uku, a ƙi karɓarta tun daga ƙofa da lambar amsa 550, ta yadda wanda ya aiko zai sami labarin ba ta isa ba. Na huɗu, a karɓa a share ba tare da sanar da kowa ba.

A ganinmu, na huɗun ne mai hatsari. Saboda zambar nan da aka fi sani da 419, an koya wa rariyoyi zargin wasiƙun da ke maganar miliyoyin kuɗi da banki da kwangila. Ga shi kuwa wasiƙar gaskiya daga TETFund, ko ta dillalin da ke neman shinkafar Bakolori, da irin waɗannan kalmomi take zuwa. Idan aka share ta, mai aikowa yana jiran amsa, mai karɓa bai san an rubuto ba, har wa'adi ya wuce.

4.0 Kammalawa

Bisa ga haka, muna ba da shawarar a jera matakan hawa-hawa: alama ga mai ƙaramin maki, killacewa ga matsakaici, ƙin karɓa ga mai yawan gaske. A naɗa ma'aikaci mai duba wurin killacewa kullum, a kuma ajiye jerin amintattun adireshi. Wasiƙar banza ɓata lokaci kawai take yi, amma wasiƙar gaskiya in ta salwanta, tana iya tafiya da kwangila ko gurbin karatun ɗalibi.