Shin na'urar numfashi ce ke kashe masu korona?

A lokacin annobar korona an yi ta yaɗa wata magana a WhatsApp da majalisun ƙofar gida, wai duk wanda aka shigar sashen kulawa ta musamman aka jona masa na'urar numfashi, to a fara neman likkafani. Wasu suka ƙara gishiri, suka ce allura ake yi wa mutum a ƙarasa shi. Wannan magana ta hana mutane da dama kai 'yan uwansu asibiti sai da numfashi ya kusa ɗaukewa. Har yanzu ba ta mutu ba, kuma duk ranar da wata annobar numfashi ta sake ɓullowa za ta farfaɗo, don haka ya kamata a rairaye ta, a ware tsakuwa daga tsaba.

Akwai gaskiya a cikinta, kuma ɓoye wannan ba zai taimaki kowa ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka sa wa na'urar sun rasu. A watan Afrilun 2020 wani rahoto daga asibitocin New York ya ce kashi 88 cikin 100 na waɗanda aka sa wa na'urar sun mutu, kuma adadin ya zagaye duniya. Abin da bai zagaya tare da shi ba shi ne yadda aka yi lissafin. An ƙirga waɗanda aka riga aka sallama ko suka rasu ne kawai, mutum 320, alhali sama da 800 suna kwance ana jinyarsu. Da aka gyara rahoton aka haɗa kowa, waɗanda suka rasu zuwa lokacin kusan kashi 25 ne. Gyaran bai samu masu yaɗa shi kamar na farkon ba.

Tambayar da mai jita-jitar ba ya yi ita ce: wa ake sa wa na'urar? Alƙaluman farko daga Sin, na mutum fiye da dubu 44, sun nuna kusan kashi 81 cikin 100 na masu cutar ba su jigata ba, kashi 14 sun sha wuya, kashi 5 kuma suka shiga mawuyacin hali. Daga cikin wannan kashi na ƙarshe ake samun masu buƙatar na'urar. Mutane ne da 'yan jakunkunan iska na huhunsu suka kumbura suka cika da ruwa, har iskar oksijin ta kasa ratsawa zuwa jini, ga naman ƙirji ya gaji da ja. Idan aka bar su haka, mafi yawansu sa'o'i ko 'yan kwanaki suka rage musu. Ɗora wa na'urar laifin mutuwarsu kamar ɗora wa motar kashe gobara laifin gobara ne don kullum a wurin wuta ake ganin ta.

Na'urar ba magani ba ce, ba ta kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Aikinta ta riƙe numfashi har huhu ya samu sararin warkewa. Tana kuma da illa, likitoci ba su taɓa musun haka ba. Iskar da ake turawa da ƙarfi tana iya raunata huhun da ya riga ya raunana, shi ya sa tun shekarar 2000 aka koma tura iska kaɗan-kaɗan gwargwadon tsawon jikin majinyaci. Bututun na'urar da ake zurawa a maƙogwaro yana iya buɗe ƙofa ga wasu ƙwayoyin cuta. Wanda ya yi makonni a kwance yana tashi da raunin gaɓoɓi, wani lokaci da ruɗewa da munanan mafarkai. A farkon annobar asibitoci da dama sun riƙa gaggawar zura bututun, daga baya suka koma jarraba oksijin mai ƙarfin gudu ta hanci ko abin rufe fuska mai matsa iska tukuna. Wannan sauyi ya nuna ana koyo ne a tsakiyar bala'i, bai nuna mugun nufi ba.

Allurar da ake cewa ta kisa ce kuwa, maganin barci ne da na kashe zafi. Mutum a farke ba zai jure bututu a maƙogwaronsa ba, zai yi ta kokawa da na'urar. Ɗan uwan da ya leƙa ta gilashi ya ga majinyacinsa ba ya motsi, an kuma kifar da shi rub da ciki, dole hankalinsa ya tashi, musamman da yake an hana dangi shiga saboda gudun yaɗuwar cutar. A ganina wannan hanin, duk da yana da dalili, shi ya fi komai ciyar da jita-jitar, domin mu mutane ne da ba mu saba barin mara lafiya shi kaɗai ba. Kifarwar kuwa jinya ce. Wani gwaji da aka buga a 2013, wanda akasari a Faransa aka yi shi, ya nuna kwantar da masu tsananin ciwon huhu rub da ciki na aƙalla sa'a 16 a rana ya rage mutuwa daga kusan kashi 33 zuwa 16, saboda bayan huhu yana samun damar buɗewa.

Haka kuma ba kowa da ke sashen ake sa wa na'ura ba. Firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya kwanta a sashen kulawa ta musamman na asibitin St Thomas a Afrilun 2020, oksijin aka ba shi, ya kuma fito.

Sai batun magunguna. Kulorokwin, wanda aka yi ta rububinsa har hukumomin Legas suka sanar da mutanen da ya yi wa illa a Maris 2020, bai ceci kowa ba: babban gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford ya tarar ɗan uwansa da aka jarraba bai rage mutuwa ba. Wanda ya yi aiki shi ne dexamethasone, tsohon magani mai araha. A Yunin 2020 gwajin ya nuna ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu na'ura, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin. Sai dai nan ma wata ƙaryar ta tsiro, cewa kowa ya saya a kemis ya sha. Gwajin bai ga amfaninsa ga wanda ba ya buƙatar oksijin ba. Yana danne garkuwar jiki, yana tayar da sukari, kuma yawan shan irinsa ba bisa ƙa'ida ba yana cikin abubuwan da aka danganta da ɓarkewar cutar baƙar fumfuna a Indiya a 2021.

Abin da ya fi damuna shi ne inda jita-jitar ta karkatar da hankalinmu. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2021, a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, har da Najeriya da Nijar da Ghana, ya gano kusan kashi 48 na masu korona da aka kai sashen kulawa ta musamman sun rasu cikin kwana 30, alhali matsakaicin duniya kusan kashi 32 ne. Ƙarancin kayan aiki da na ƙwararru yana cikin dalilan da masu binciken suka nuna. Na'ura ba ta aiki ita kaɗai. Tana buƙatar lantarki marar yankewa, da oksijin marar ƙarewa, da nas da za ta tsaya a kan majinyaci dare da rana. Waɗannan ne ya dace a tambayi hukumomi a kansu.

Jinkiri ma yana kisa, kuma korona tana da yaudara: oksijin yakan ragu sosai a jini mutum yana zaune yana hira, bai ji numfashinsa ya sarƙe ba. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana tona wannan. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Idan lambar ta sauka zuwa 92 ko ƙasa, a nufi asibiti nan take. Amma wani bincike na Jami'ar Michigan a Disamban 2020 ya gano 'yar na'urar yatsan takan kasa nuna ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Saboda haka idan majinyaci yana haki, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko ya fara ruɗewa, a kai shi asibiti ko da lambar da ke yatsansa tana da kyau.