Iska a Cikin Lagireto: Abin da Ke Ƙona Inji Bayan Gyara

Unguwar Sabon Tasha, wadda ke kudu da Kogin Kaduna a kan hanyar Kachiya, ba ta rasa garejin makanikai. A Kakuri, can kusa da ita, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a shekarar 1975, don haka sana'ar gyaran mota ta daɗe da kafuwa a yankin. Duk da haka, akwai matsalar da ke yawan maido da masu motoci gareji: an canja tiyo ko famfon ruwa, an cika lagireto fal, amma kafin a yi nisa sai inji ya ɗau zafi. Sau da yawa iska ce ta maƙale a hanyar ruwa.

Sanin kowa ne cewa inji yana ƙona mai. Kusan sulusin zafin da man ke bayarwa ruwa ne ke kwashe shi zuwa lagireto, inda fanka ke huce shi. An zaɓi ruwa domin lita ɗaya tasa tana ɗaukar zafin da ya ninka na lita ɗaya ta iska fiye da sau 3,000. Ashe ke nan duk lungun da iska ta tare, ƙarfen wurin ba ya samun mai sanyaya shi.

Idan aka tsiyaye ruwa lokacin gyara, iska ce ke maye gurbinsa. Da yake ta fi ruwa rashin nauyi, sai ta taru a wuraren da suka fi tudu, kamar kan inji da gidan tamostat. Ɗalibi na iya gwada wannan da kansa: ya kifa kofi a cikin bokitin ruwa, zai ga ruwan ya kasa cika shi. Bugu da ƙari, idan iska ta rufe na'urar auna zafi, allura kan yi wa direba ƙarya, fanka kuma ta ƙi tashi. Ƙarshenta kan inji ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone.

Fitar da iskar ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Da farko a bar inji ya huce sarai, a ajiye mota gabanta na kallon tudu, a murɗa hita zuwa zafi. Motoci irin su Peugeot 406 suna da ƙananan kusoshin fitar da iska; a kwance su, a zuba ruwa sannu a hankali har ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure. Daga nan a ta da inji, a riƙa matsa tiyon sama. Idan tamostat ya buɗe, wajen digiri 80 zuwa 90 na ma'aunin Salshiyos, ruwa zai sauka, sai a ƙara. Washegari da safe a sake dubawa. In kuwa kumfa ta ƙi ƙarewa, alama ce hayaƙin silinda na shiga ruwa ta gaskit.

Wajibi ne a kiyaye abu guda: kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. A Kaduna ruwa na tafasa wajen digiri 98, amma matsin da murfin ke riƙewa kan kai shi kusan digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar an buɗe, sai ya yi tsartuwa ya sale fuska da hannu.

Cire tamostat gaba ɗaya, kamar yadda wasu makanikai ke yi, ba magani ba ne, domin inji kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai da yawa. Minti talatin na fitar da iska sun fi sauke inji arha.