Rayuwar 'Yan Kamfani a Bompai, Sharaɗa da Challawa

Bompai ce uwa a unguwannin masana'antun Kano. Tana arewa maso gabashin Birni, cikin ƙaramar hukumar Nassarawa, kuma ta taso ne a kan arzikin gyaɗa da layin dogon da ya iso Kano a 1911. Sharaɗa da Challawa ƙannenta ne, suna kudu, inda kamfanonin jima suka fi yawa. Kusancin kogin Challawa ya taimaka, don jima ba ta yiwuwa sai da ruwa mai yawa.

Injin baƙo ne, amma mutanen da suka tsaya a gabansa 'yan gida ne, kuma da al'adunsu suka shigo. Da yawa cikin leburorin farko gardawa ne da 'yan ci-rani, kamar yadda Paul Lubeck ya nuna a littafinsa na 1986 kan ma'aikatan Kano. Su ne suka dage sai an ba su lokacin salla. Yau idan azahar ta yi, za ka ga an shimfiɗa tabarmi a bakin ƙofa, direba da lebura da akawu sahu ɗaya.

Bakin ƙofar nan kuwa kasuwa ce. Da sassafe mai koko da ƙosai ta riga kowa, mai shayi ya hura wuta, masu kekuna na kwararowa daga Dakata da Kawaji da Gama. A ci yau, a biya ƙarshen wata. Ba takarda, ba shaida, amana ce kawai. Ga adashi, wanda da kwasarsa ake yin aure, a yi suna, a sayi fili a bayan gari. Ni a wurina, wannan riƙon juna shi ya fi komai tsare mutuncin ɗan kamfani.

Bayan Babbar Salla, fatun layya sukan cika majemun kudu, ciki har da na jar akuyar Sakkwato da duniya ta san ingancinta.

Sai dai tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, rashin wutar lantarki da kayan waje masu arha sun durƙusar da masaƙu. Kamfanoni da dama sun koma ɗakunan ajiyar kaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan dagwalon masana'antu da ke gangarawa rafukan Getsi da Salanta, alhali da shi masu lambu ke ban-ruwan latas da alayyahon da ake kaiwa kasuwannin birni.