Yarjejeniyar Kiyaye Filaye da Koguna a Amurka

A dokokin Amurka, mallakar fili ta ƙunshi haƙƙoƙi da dama waɗanda ake iya rabawa, kamar haƙƙin noma da kiwo, da na sare itatuwa, da na haƙar ma'adinai, da na yanka fuloti domin gine-gine. A kan wannan tushe aka gina yarjejeniyar kiyaye fili, wato alkawari rubutacce da mai fili yake ƙullawa bisa raɗin kansa da wata hukumar gwamnati ko ƙungiyar amana mai zaman kanta, inda yake sarayar da wasu haƙƙoƙin har abada, galibi na gini da na rarraba fili, alhali mallaka tana nan a hannunsa. Yana iya ci gaba da noma, ya sayar, ko ya bar wa magada, sai dai sharaɗin yana bin filin duk hannun da ya shiga, domin ana shigar da shi rajistar filaye. A nan ta bambanta da waƙafi, wanda ba a sayar da shi kuma ba a raba shi gado.

Ƙaunar ƙasar iyaye tana cikin abin da ke jan iyalai zuwa ga wannan tsari, amma lissafin haraji ma yana da nasa ƙarfin. Idan farashin fili ya yi tashin gwauron zabi saboda kusancinsa da birni ko bakin ruwa, harajin gado yakan tilasta wa magada sayar da wani yanki, yayin da filin da aka hana gini a kansa darajarsa a kasuwa take raguwa, harajinsa kuma ya sauka. Majalisar dokokin tarayya ta fara ba da rangwamen haraji ga masu sarayar da waɗannan haƙƙoƙi kyauta a 1976, ta tabbatar da shi a 1980 bisa sharaɗin alkawarin ya zama na dindindin.

Koguna suna cikin masu cin moriyar tsarin sosai, domin tsabtar ruwa da yalwar kifi sun dogara ne ga abin da ake yi a gaɓa, gaɓar kuwa sau da yawa tana hannun masu gonaki da wuraren kiwo. A kwarin kogin Blackfoot aka ƙulla yarjejeniya ta farko a jihar Montana a 1976, ta hannun ƙungiyar The Nature Conservancy. A jihar Maine kuwa, iyalin Pingree, waɗanda suka mallaki dazuzzukan katako tun ƙarni na 19, sun sayar wa gidauniyar New England Forestry Foundation haƙƙin gini a kan eka 762,192 a 2001, a kan kuɗi sama da dala miliyan 28, kuma har yanzu ana sare katako a dajin, wanda wani sashe na kogin St. John ya ratsa.

Raunin tsarin yana wajen ƙiyasin daraja, tunda rangwame yana bin bambancin farashin fili kafin yarjejeniya da bayanta. Wasu 'yan kasuwa sun riƙa haɗa masu zuba jari su sayi fili da arha, su sa a zuzuta darajarsa, su karɓi rangwamen da ya ninka jarinsu sau da yawa, har majalisa ta yi doka a Disambar 2022 wadda, in ban da 'yan keɓaɓɓun yanayi, ta hana rangwamen da ya wuce ninki biyu da rabi na jarin. Akwai kuma ƙorafi mai tushe cewa baitulmali ne ke ɗaukar asarar harajin, alhali yawancin yarjejeniyoyin ba su wajabta buɗe fili ga jama'a ba. Nauyi mafi tsawo yana wuyan ƙungiyar amana, wadda takan duba filin kowace shekara, ta kuma je kotu idan wani sabon mai fili, wanda bai halarci ƙulla alkawarin ba, ya saɓa wa sharuɗɗansa.