Yaron Shagonka, Awa Nawa Yake Yi a Mako?

 

'Yan'uwa, a 'yan shekarun nan akwai maganar da nake yawan ji idan an zo sanar da ni rashin lafiya ko rasuwa: "ya faɗi". Mutum bai kai shekara hamsin ba, jiya muna sahu ɗaya da shi, yau an ce ya faɗi a bakin shago, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki. Kafin a isa da shi babban asibitin Treichville har an fara raɗe-raɗin jifa ne, ko iska ce ta buge shi. Likita kuwa in ya auna, sau da yawa abin da yake samu hawan jini ne, wanda a nan muke ce wa tansiyo. Ajali na hannun Allah, babu musu. Amma Allah ya sanya wa abubuwa sababi, kuma akwai wani sababi da masana suka daɗe suna bincike a kansa alhali mu ba mu cika lissafa shi ba, wato yadda mutum yake aikinsa.

A watan Mayu na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi tare. Sun kwatanta masu aikin awa 35 zuwa 40 a mako da masu yin awa 55 ko fiye. Suka samu cewa masu dogon aikin, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru musu da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. A lissafinsu, cikin shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu a duniya ta wannan hanya, mafi yawansu maza. Ba ana nufin duk wanda ya wuce awa 55 zai faɗi ba. Ana nufin in ka tara jama'a masu yawa ka bi su shekara da shekaru, faɗuwar ta fi yawa a wancan ɓangare. Sau da yawa ma cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru, lokacin da mutum ya manta da wahalar da ya sha.

To, mu ɗauki alƙalami mu lissafa namu. Yaron da yake buɗe shago a Adjamé ƙarfe 6 na safe ya rufe ƙarfe 7 na yamma, awa 13 ke nan. In babu ranar hutu, awa 91 a mako. Mai gadin da yake kama aiki 6 na yamma ya sauka 6 na safe, kwana bakwai, awa 84, in ma bai haɗa da wata sana'ar da rana ba. Mai garba fa? Tun kafin asuba yana kan neman kifi da aceke, daga nan yankan albasa da barkono, sannan tsayuwa a kan tafasasshen mai har rana ta karya. Haka mai kofi da shayi, haka 'yan dako a kasuwa da bakin tashar jiragen ruwa. Awa 55 ɗin da likitoci suke tsoro, da yawa cikin mutanenmu kafin Juma'a sun wuce ta.

Dokar ƙwadago ta Kwaddibuwa, wadda aka sabunta a 2015, ta sa awa 40 a mako a matsayin asali, abin da ya haura a biya shi daban, da hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako (aikin gadi yana da nasa lissafi). Mafi ƙarancin albashi kuma tun 1 ga Janairu 2023 jikka 75 ne, a da 60. Sai dai kowa ya san wannan doka a kamfani da ofis take aiki. Mu galibinmu babu takarda, babu lambar CNPS, sai amana tsakanin maigida da yaronsa. Ke nan abin ya koma wuyan maigida.

Tsawon awa ba shi kaɗai ba ne. A Ingila an yi wani dogon bincike a kan ma'aikatan gwamnati na birnin Landan, ana kiransa Whitehall. An fara a 1967 da maza wajen 18,000. A lokacin mutane sun ɗauka manyan shugabanni ne ciwon zuciya zai fi kamawa, tunda su ke ɗauke da nauyin yanke shawara. Sai aka ga akasin haka: masinja da mai tsaron ƙofa, mutuwarsu ta kai kusan ninki uku na ta manyan ofis, kuma kowane mataki ya fi na samansa. Shan taba da ƙiba da makamantansu ba su isa su bayyana dukkan bambancin ba. A 1985 Farfesa Michael Marmot ya jagoranci zagaye na biyu da mutum sama da 10,000, maza da mata, kuma cikin abin da ya fito fili akwai wannan: wanda ba shi da ta cewa a aikinsa, sai dai a ce yi ya yi, bari ya bari, shi ne ya fi shiga haɗari.

Yadda likitoci suke bayyana abin shi ne, idan mutum ya tsorata, jiki yana sakin wasu sinadarai da suke sa zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru a jini. Rahama ce wannan ga wanda kare ya biyo, don ya samu ƙarfin gudu, in ya tsira jiki ya koma daidai. Amma wanda kullum cikin fargaba yake, yau za a zage shi gaban masu saye, gobe za a ce kuɗi sun yi giɓi, jikinsa ba ya samun komawa daidai. Ga ƙarancin barci. Ga kofi da goro da taba don ido ya buɗe. Wasu samarin har taramol suke haɗiya don su iya ɗaukar kaya, kuma mun ga inda wannan yake kai su.

Akwai abu na uku, kuma shi ne ya fi taɓa ni. Wani masani a jami'ar Düsseldorf ta Jamus, Johannes Siegrist, ya nuna a 1996 cewa abin da yake cin mutum har da rashin daidaito tsakanin wahalar da ya sha da sakamakon da ya samu, sakamakon nan kuwa ya haɗa kuɗi, da mutunci, da sanin makomarsa. Da na ji wannan sai na tuna shari'o'in da ake kawo mini bayan la'asar. An ɗauko yaro daga Tawa ko Maraɗi ko Sakkwato, an ce "zo ka kama mini, in Allah ya so zan sallame ka". Shekara nawa? Ba a faɗa ba. Da nawa za a sallame shi? Ba a faɗa ba. Kuɗin watansa ma "suna ajiye a wurina". Shekara bakwai ta wuce, yaro ya zama magidanci a shekaru, ba aure, ba jari, kunya ta hana shi tambaya tunda ɗan ƙanen babansa ne ko mutumin garinsu. Ran da ya buɗe baki sai a ce ya yi butulci.

Ɗalibai, wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaid ya san hukuncin ijara a mazhabarmu: sai an ambaci lada, an kuma yanke wa'adi ko an fayyace aikin. Lada majhuli yana ɓata ƙullawar. Ku duba ƙissar Annabi Musa, alaihis salam, a Madyana cikin Suratul Ƙasas. Dattijon nan ya ambaci shekara takwas, ya bar cikon goma a zaɓin Musa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ba ya nufin tsananta masa. Wa'adi sananne, zaɓi a hannun ma'aikaci, da alkawarin sauƙi. A hadisin Abu Zarri da ke cikin Buhari, Manzon Allah (SAW) ya hana a ɗora wa na ƙarƙashi abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora kuma a kama musu. A wani hadisin ƙudusi, cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Haƙuri ibada ce, gaskiya ne. Amma ba a ba maigida izinin ya riƙe hakkin mutum sannan ya yi masa wa'azin haƙuri ba.

Na san masu gida za su ce, "Liman, mu ma fa a matse muke." Haka ne. Kuɗin hayar shago, haraji, bashin kaya, iyali a nan da iyali a gida, ga rusau da hana talla a manyan tituna da aka tsananta a 2024. Da yawa cikinku ma kun fi yaranku daɗewa a tsaye, babu mai tilasta muku sai tsoron kada mai saye ya wuce maƙwabci. Ku tuna abin da Salmanul Farisi ya yi wa Abud Darda'i, da ya same shi yana azumi kullum yana tsayuwar dare: ya sa shi ya ci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa ransa da iyalinsa suna da hakki a kansa, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. In an ja wa mai nafila linzami, ina ga mai neman riba?

Awon jini ba ya ɗaukar minti biyar, ana yi a ɗakunan shan magani da shagunan magani da yawa, kuma hawan jini yakan yi shekaru bai nuna alama ba. Katin CMU jikka ɗaya ne a wata ga mutum ɗaya. Maigidan da ya biya wa yaronsa bai yi asara ba. Wanda yake da yaro a hannu ba tare da an yanke magana ba, ya zo da shi da shaidu biyu a rubuta: nawa ne a wata, yaushe ake biya, wace rana ce hutunsa, shekara nawa kafin sallama, da nawa. Ni da na'ibi muna nan bayan la'asar, takarda da biro ba su gagare mu ba.

Sai kuma Juma'a. Ina ganin masu shaguna a sahun gaba tun kafin in hau mumbari, da babbar riga da turare, yaran kuwa ban gan su ba. In na tambaya sai a ce suna tsaron shago. Yaron nan baligi ne, mazauni ne, lafiyarsa ƙalau, Juma'a ta wajaba a kansa kamar yadda ta wajaba a kanka, kuma ciniki bayan kiran salla an hana shi, ko a hannunka ko a hannunsa. A ja ƙofa a sa kwaɗo, ku taho tare.